Volkswagen ta 1976 mai gado da murhu: ta yi a haya, saye kuwa sai an leƙa ƙarƙashinta

Tallar motar da na gani ta ce abu huɗu: Westfalia ce, wato bas ɗin Volkswagen da kamfanin Westfalia ya yi wa kayan zama, ƙirar 1976, lafiyarta ƙalau, kuma a shirye take da doguwar tafiya. Shekarar gaskiya ce, na duba lambar shasi da idona. Doguwar tafiya ma na shaida, domin mun ɗauke ta ni da iyali daga wani ƙauye a kudancin Hannover, muka hau duwatsun Harz, muka gangaro muka miƙa arewa har bakin teku, ta kai mu ta dawo da mu. Sauran biyun, wato Westfalia da lafiya ƙalau, su ne sai an zauna an yi bayani.

Mai motar dattijo ne Bajamushe da ya yi ritaya. Yana da irinta uku a wata tsohuwar rumfar gona, yana ba da su haya in sanyi ya wuce. Wannan ɗin ya sa ta a kasuwa, ya kuma yarda mai sha'awa ya fara ɗaukarta haya, in ciniki ya faɗa a cire kuɗin hayar daga farashi. Tsarin ya burge ni, don wanda ke ɓoye babban aibu ba ya miƙa maka makulli ka tafi da mota inda ba ya ganinka. Ni kuwa bakanike ne. A Kano na koyi aiki, a nan Jamus manyan motoci nake gyarawa, kuma ba na iya ganin tsohuwar mota ban durƙusa na leƙa cikinta ba.

Lambar shasin ta fara da 236. A tsarin Volkswagen na lokacin, 23 na nufin Kombi, mai tagogi wadda ake iya cire kujerunta a yi lodi. Da 21 ce, da rufaffiya ce ta ɗaukar kaya, 22 kuma bas ce ta fasinja zalla. Lamba ta uku, 6, ita ce shekarar ƙira. Shekarar kamfanin a watan Agusta take farawa, saboda haka mota mai 6 tana iya baro masana'anta tun cikin 1975. Tamu dai a 1976 aka fara yi mata rajista. Ita ce zubi na biyu, wadda ake kira T2, mai gilashin gaba guda ɗaya babba. Ta farkon, mai gilashi rabe biyu, ta samo asali ne daga wani zane da dillalin motoci ɗan Holan, Ben Pon, ya yi a 1947 bayan ya ga wata motar ɗaukar kaya da ma'aikata suka harhaɗa wa kansu a masana'antar Wolfsburg. An fara ƙera ta a Maris 1950, aka mayar da aikin Hannover a 1956, T2 ta gaje ta a 1967 ta yi zamani a Jamus har 1979. Wato motar nan an haife ta ne tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga rumfar da take kwana yanzu.

Duk wanda ya girma a Najeriya ya san fuskarta. Kamfanin ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Ojo, Legas, a 1975, kuma irin wannan bas ɗin da ƙanwarta T3 su suka cika titunan Legas da rawayan fenti. A garejin da na yi yaron mota akwai wata da ke zuwa mana jifa-jifa, ta mai kai burodi, kullum murfin injinta a tokare da ice wai don ta sha iska. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana zan biya kuɗi don in kwana a cikin 'yar'uwarta ba.

Abin da takardu suka nuna, kuma dattijon bai ɓoye ba da na tambaya, shi ne motar ba ta fito daga masana'anta a matsayin ɗakin kwana ba. Mai ita na farko hukumar kashe gobara ce ta 'yan sa-kai a wani ƙauye, tana ɗaukar ma'aikata zuwa atisaye da wurin gobara. Shaidar tana jikinta har yau. Yanzu kore ce a ƙasa, fara a sama, amma ka ɗaga shimfiɗar roba ta ƙarƙashin kujerar direba, ko ka leƙa bayan fatar ƙofa, jan fentin 'yan kwana-kwana ne zai gaishe ka. A gaban direba akwai ramuka biyu da aka toshe, inda makunnin jiniya da na shuɗiyar fitila suke a da.

Masu neman tsofaffin motoci a nan suna rububin na 'yan kwana-kwana, kuma suna da hujja. Irin waɗannan motoci a ɗaki suke kwana, ba sa yin nisa, ana musu sabis a kan lokaci ko sun fita ko ba su fita ba. Shekarunta na farko kenan, cikin gata. A farkon shekarun 1990 aka yi gwanjonta, wani malamin makaranta ya saya, shi ne ya mayar da ita ta yawon hutu. Ya samo kabad-kabad da kujera mai zama gado da rufi mai ɗagawa daga wata Westfalia ta ainihi da ta yi hatsari, ya dasa mata.

Nan ne maganar Westfalia take. Westfalia kamfani ne a garin Wiedenbrück da ya fara yi wa bas ɗin Volkswagen kayan zama tun 1951, ya zama shi ne na hannun daman kamfanin a wannan fanni. Motar da ta bi ta hannunsu tun tana sabuwa tana da farantinsu da lambarsu, kuma farashinta a kasuwa daban ne. Wannan kayan cikinta na Westfalia ne, ba musu, amma ita kanta ba ta taɓa taka ƙofar masana'antarsu ba. Ga mai haya bambancin ba komai ba ne, gadon bai san ko wane ne ya ɗaure shi ba. Ga mai saye kuwa kuɗi ne masu kauri. A ganina ya kamata tallar ta faɗi haka tun layin farko, ba sai an tambaya ba.

Aikin malamin dai ya yi kyau, dole in ba shi wannan. Wurin da na fi tsoro shi ne rufi, domin sai an yanke ƙarfen saman mota kafin a ɗora mai ɗagawa, kuma da yawa masu yi a gida suna yankewa su bar bakin haka nan. Shi ya zagaye ramin da firam, ya yi walda mai tsabta, aka kuma shigar da sauyin cikin takardun motar. Rufin irin na bayan 1974 ne, wanda maƙalarsa ke baya, yana buɗewa ta gaba, da wurin ɗora kaya a saman kan direba. Shi ya fi wanda ya gabace shi amfani, don tsayin yana faɗowa ne daidai inda mai girki ke tsayawa, kuma gadon sama yana ɗaukar mutum biyu. Tamfol ɗin gefe sabo ne, da gidan sauro a tagoginsa. Ruwa ya same mu da dare a Harz, ko ɗigo bai shigo ba.

Cikin motar ne ke sace zuciya, kuma shi ne ya sace ta uwargida. Tsawon motar duka mita 4.5 ne, bai fi na mota ƙarama ta zamani ba, amma an ci moriyar kowane lungu. Kabad-kabad a jere ta ɓangaren hagu, murhun gas mai kai biyu, ɗan kwanon wanke-wanke da famfo, firji, teburi mai juyawa, wurin rataye tufafi a baya. Yadin kushin ɗin mai ratsin kore da rawaya ne irin na shekarun 1970, ya koɗe a inda rana ke duka amma bai yage ba. Fatar katakon ta fara ɗagowa a gefen kwanon wanke-wanke, inda ruwa ke taruwa. Durowa ɗaya ba ta kulluwa, duk kwanar da aka sha sai ta zazzago da cokula, har muka gaji muka tokare ta da jaka.

Girki yana yiwuwa, amma a san abin da za a dafa. Shinkafa da wake, taliya, ƙwai, shayi, duk lafiya. Uwargida ta gwada tuwo, kabad ɗin da murhun ke kai ya dinga girgiza, ta sauke tukunyar ƙasa ta ƙarasa tuƙi a bakin ƙofa. Firjin irin mai aiki da gas ko lantarki ne, ba shi da injin matsa iska, kuma irinsa ba ya son mota a karkace. In an tsaya a wuri mai daidaito aka jona wutar sansani, yana sanyaya madara. A kan gas kuwa sunan firji kawai ya ci. Naman da muka sayo a shagon halal kafin mu tashi sai da muka soye shi gaba ɗaya a daren farko, don ban amince da shi ba.

Babu bayi, babu wurin wanka. Wannan ba aibun motar ba ne, haka ake yinsu, amma mai iyali Musulmi ya sa shi a lissafi. Dole ne kwana a sansanin da ke da banɗaki, kuma kada a manta da buta, ba za a same ta a can ba. Dokar Jamus ma ba ta yarda mutum ya kafa zango inda ya ga dama ba. Ana ƙyale direba ya kwana dare ɗaya a wurin ajiye motoci don ya huta, amma fito da kujeru da kafa rumfa sai a sansani. Salla kuma, in an ɗaga rufi tsayuwa ba matsala, sujada ce filin bai isa ba sai mutum ya takure, kuma sai an dace motar ta fuskanci kudu maso gabas. A waje muka riƙa yi, ƙarƙashin rumfar da ake ɗaurawa a jikin ƙofa. Maƙwabtanmu na sansani sukan kalla sau ɗaya su koma kan gashin namansu.

Gadon ƙasa kujerar baya ce ake ja ta kwanta ta haɗu da katifar da ke saman inji. Bai kai faɗin gadon gida ba saboda kabad ɗin tufafi ya ci gefe. Wani abu da na ji daɗinsa: bayan an yini ana tafiya, ɗumin injin yana ratso katifar har tsakar dare. Yaran su suka kwana a sama, kuma da za a bar su da ba za su sauko ba har a dawo gida.

Tuƙinta wani karatu ne. Direba yana zaune ne a kan tayar gaba, sitiyari babba a kwance a gabansa, ba abin da ke taimaka masa wajen juyawa sai damtse. A tsaye nauyi gare shi, da ta fara gangarawa sai ya saki. Kwana sai ka wuce inda ka saba karyawa kafin ka karya, don tayoyin suna ƙarƙashinka ne, ba a gabanka ba. Giya huɗu ce, sandar tana gaba, giyabos yana can baya, tsakaninsu dogon ƙarfe da roba-roba da suka tsufa. Neman ta biyu kamar juya muciya ne a tukunya, kana juyawa har ka ji ta kama. Ribas sai an danna sandar ƙasa, a kai hagu, a ja baya. Birkin hannu a ƙarƙashin gaban direba yake, janyo shi ake yi. Birkin ƙafa faifai ne a gaba, ganga a baya, kamar yadda ake yinsu tun ƙirar 1971, yana kamawa daidai ba ya fizga gefe, amma yana son ƙafa mai nauyi da kuma tazara.

Injin mai lita 1.6 ne, ƙarfin doki 50, ga mutum huɗu da kaya da katako da tankin ruwa. A takarda tana kai kilomita 110 a awa. A hanya, wurin da take sakin jiki tsakanin 80 da 90 ne, daidai gudun tireloli, saboda haka a babbar hanyar A7 kana cikin ayarinsu ne ko kana so ko ba ka so. In ɗaya ta wuce ka, iskarta za ta tura ka dama sannan ta zuƙo ka hagu. Da muka kusa teku iska ta riƙa dukanta a gefe, hannu biyu na riƙe sitiyari, hira ma na daina. Hawan da ke tashi daga Bad Harzburg zuwa Torfhaus, wanda ke kai mutum wajen mita 800 sama da teku, a giya ta uku muka faro shi muka ƙare a ta biyu, motoci sun yi layi a bayanmu. Ƙaramin ya leƙo daga baya ya ce, "Abba, mu sauka mu tura?" Abin mamaki ba wanda ya yi mana hon. Jamusawan da ba sa haƙuri da kowa a hanya suna haƙuri da wannan motar, wasu har ɗaga hannu suke in sun wuce.

Mai ta sha mana tsakanin lita 11 da 12 a kowace kilomita 100, tankinta kuma wajen lita 60 ne. Hita kusan babu. Iskar ɗumi daga jikin salansa ake ɗebo ta a baya, kafin ta yi tafiyar mita huɗu ta iso ƙafar direba ta huce. Kuma in kwanon da ke ɗebo ta ya huje, hayaƙi ne zai shigo tare da ita. Dattijon ya maƙala na'urar gargaɗin hayaƙi mai guba a ciki, na yaba masa.

Maganar da ba na so mai yara ya tsallake: babu jakar iska, babu birki mai hana taya kullewa, kuma tsakanin gwiwar direba da abin da zai buga kwano ne da bamba. Daga ƙirar 1973 an ƙarfafa gaban da ƙarfe mai shanye bugu, ya fi babu, amma ba a kwatanta shi da motar yau. Rashin jakar iska da birki mai hana taya kullewa ne ma ya kashe ta a Brazil, inda aka ci gaba da ƙera ta har Disamba 2013, sai doka ta wajabta su ga sabbin motoci daga farkon 2014. Kujerar baya ta wannan ɗin bel na ƙugu kawai gare ta. Namu yaran sun girma. Mai jariri ko yaron da ke buƙatar kujerarsa ta musamman ya tambaya tun kafin ya biya kafin alƙalami, don ba kowace kujerar yara ce ke ɗauruwa da bel na ƙugu ba.

Injin kansa na gamsu da shi. Harufan AS ne a jikinsa, wato irin da ya dace da shekarar motar, da kafireto ɗaya na Solex. Ba lagireto, ba ruwa, iska da baƙin mai ne ke sanyaya shi. Baƙin man lita 2.5 ne kacal, kuma babu filta sai 'yar rariya, shi ya sa ake juye shi duk kilomita 5,000 a kuma daidaita bawul a kan milimita 0.15 inji na sanyi. Dattijon yana da littafin da yake rubuta duk wannan da hannu. Na kama fulin ƙasa na ja na tura, wasan da ke ciki kaɗan ne. Yana ɗan zufar mai ta ƙasa, abin da ba a rasa su da shi. Kwanukan da suka lulluɓe injin duk suna nan, robar da ta zagaye shi ma sabuwa ce. Wannan robar ce mutane ke rainawa. Iska mai sanyi tana shigowa ne ta ƙofofin nan biyu da ke sama a kusurwar baya, robar kuma ita ke hana zafin salansa tasowa daga ƙasa ya koma cikin fanka. Mai burodinmu na Kano da ke tokare murfi yana ɓata wannan tsarin ne, yana gayyato ƙura da iskar bayan mota.

Abu biyu dattijon ya nanata, kuma gaskiyarsa. Na farko, in jar fitilar caji ta kama ana tafiya, a tsaya nan take, domin fambel ɗaya ne ke juya janareto da fanka. In ya tsinke, 'yan mintuna sun isa inji ya buga. Na biyu, tiyon mai. Tanki yana gaban inji, sama da shi, tsohon tiyo in ya tsage a kan inji mai zafi yake zuba, kuma da yawan irin waɗannan motoci gobara ce ajalinsu. Ya sauya tiyon duka da irin da ke jure fetur mai gaurayen ethanol, amma duk da haka ya ce kada a zuba mata E10, wato fetur ɗin da ya fi yawan ethanol. Akwai tukunyar kashe gobara a bayan kujerar direba.

Matsalar da ta ba mu a hanya ɗaya ce. In ta yi doguwar tafiya aka kashe ta a gidan mai, sai a murɗa makulli a ji shiru. Sanannen ciwo ne a wannan ƙirar: wuta tana tasowa daga batir a baya, ta je makulli a gaba, ta sake komowa baya wurin kik, wayoyin sun tsufa, in kik ya yi zafi abin da ke isa gare shi ba ya isarsa. Ko a jira ta huce, ko a tura. Mun tura, wani matashi ya taimaka. Maganinsa ɗan rile ne mai arha a kusa da kik, aikin rabin awa. Da na kira dattijon ya ce, ai takan yi haka. To in takan yi, ranar miƙa makulli ya kamata in ji.

Duk wannan mai sauƙi ne. Gizo yana saƙa ne a ƙasa. Da muka dawo na roƙi a ɗaga ta, ya yarda ba gardama, na shiga da tocila da maganaɗisu da ɗan guduma. Manyan ƙarafa biyu da suka ɗauke ta daga gaba zuwa baya lafiyayyu ne. Ƙarfen gaba da ke riƙe da tayoyi, wanda kan ruɓe daga ciki, ya amsa guduma da ƙara mai kyau. Wannan albarkar zamanta ce a ɗakin 'yan kwana-kwana. Amma shekarun da malamin ya yi yana tuƙa ta a hanyoyin da ake barbaɗa wa gishiri lokacin ƙanƙara, da waɗanda ta yi a ajiye a rumfa mai danshi kafin dattijon ya saye ta, su ma sun bar nasu.

Dogon kwanon da ke ƙarƙashin ƙofa mai zamewa, maganaɗisu ya kama a gaba, ya kama a baya, a tsakiya ya faɗo. Fila ce aka cika, aka goge, aka fesa fenti. Wurin sa jak na baya ta dama an yi masa faci, amma ɗora sabon kwano aka yi a kan tsohon ba a yanke ruɓaɓɓen ba, kuma gefen facin ya fara kumbura. Mazaunin batir ya huje, ina hango ƙasa ta cikinsa, katako aka shimfiɗa. A kusurwar ƙasa ta gilashin gaba, ɓangaren fasinja, fenti ya yi ƙuraje a ƙarƙashin roba, kuma na san abin da ke bayan irin waɗannan ƙurajen: ruwa yana bi ta nan ya sauka a matakin ƙofa, matakin kuwa da na danna da yatsa ya yi laushi. Magudanar ruwan rufi ma ta fara ja a inda robar sabon rufin ke riƙe danshi. Abin da ya fi damuna shi ne baƙin kwalta mai kauri da aka fesa a mazaunin tayoyin baya, sabo fil, yana sheƙi. Tsohuwar mota mai sabon kwalta a ƙasa tambaya ce, kuma ba a samun amsarta sai an kankare.

Ba na cewa dattijon ne ya yi rufa-rufar. Ya ce haka mai fenti ya dawo masa da ita, kuma yadda ya tsaya yana kallon maganaɗisun nan yana faɗowa, na yarda da shi. Motar tana da lamba mai harafin H a ƙarshe, wadda Jamus ke ba motocin tarihi tun 1997. Sharaɗin shi ne mota ta kai shekara 30, tana cikin kyakkyawan hali, sauye-sauyen da aka yi mata kuma su dace da zamaninta. Mai ita yana biyan harajin bai-ɗaya na yuro 191.73 a shekara, yana kuma shiga tsakiyar biranen da aka hana motoci masu hayaƙi. Ta kuma ci binciken lafiya da ake yi wa motoci lokaci-lokaci. Amma mai binciken yana duba abin da ido ke gani ne a ranar, ba ya kankare fenti. Mai saye kada ya ɗauki H a matsayin shaidar babu tsatsa.

Kwanukan gyara duk ana samunsu sababbi, ba tsada can. Aikin hannu ne tsada. Awar mai walda a Jamus ba wasa ba ce, kuma tsatsa a wannan motar duk inda ka buɗe sai ka tarar ta fi yadda ka zata, ga shi sai an kwance kabad-kabad kafin a kusanci wasu wuraren da wuta. Bayan walda kuma fenti. Shi ya sa dillalai ke shigo da irinta daga Kalifoniya da sauran busassun jihohin Amurka, inda rana ke ƙona fenti da roba amma ta bar ƙarfe.

Ta fuskar haya ba ni da ƙorafi mai yawa. Dattijon ya ɓata lokaci sosai yana koya mana motar, ya sa na zagaya ƙauyen da shi a gefe kafin ya sake mu. A akwatin baya akwai fambel na safaya, baƙin mai, fis, sifana, da wayar jona wutar sansani. Tukwane da kwanuka a wanke. Takardar binciken gas tana nan da kwanan wata. Inshorar janyo mota in ta lalace tana cikin kuɗin. Yana ƙayyade kilomitar da za a yi a rana, na ga wasu na kuka da haka, ni ban ga laifinsa ba, wanda ke son cin kilomita 600 a yini ya ɗauki wata motar. Zannuwan gado da rumfa kuɗinsu daban, kuma ba a rubuta a tallar ba. Ajiyar da muka bayar ya mayar cif a ranar, duk da ƙamshin daddawa da muka bar masa a labule.

Farashin da ya sa mata zai sayi sabuwar ƙaramar mota daga shago. Kuɗin Westfalia ta ainihi ce mai lafiyayyen ƙarfe, ita kuwa Kombi ce ta 'yan kwana-kwana mai kayan Westfalia da aikin walda a gabanta. Uwargida ta ja ni gefe ta ce, "Baban yara, ai kai ma kana walda." Ina yi, amma ba ni da rumfar da zan kwance mota in bar ta wata da watanni, kuma a gidan haya na birni ba a kunna injin walda a wurin ajiye motoci. Na rubuta wa dattijon jerin abin da na gani, wuri bayan wuri, na taya da ragin da zai ɗauki aikin. Ya karanta, ya ce zai sa a kankare mazaunin tayoyin baya tukuna ya ga abin da ke ciki, sannan mu sake magana. Rilen kik ɗin dai na ɗaura masa kafin mu tafi, don akwai wasu masu haya da za su ɗauke ta a ƙarshen makon.